Muryar Da Na Tsuke Wa Habu Rugugi

Da damunar nan da muke ciki, shekara goma sha biyu ke nan da muka raka Habu Rugugi makwancinsa a Gafasa. Na san da yawa daga masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba. Amma in kai mutumin Gaya ne ko Ajingi, ko ka taɓa shiga motar kasuwa a yankinmu a zamanin kaset, da wuya a ce ba ka ji waƙarsa ba. Ita ce waƙar noman nan mai gudu kamar an koro ta, wadda wata siririyar murya ke kiran sunayen manoma ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ɗauka yarinya ce ke rerawa, wasu suka ce yaro ne da bai balaga ba. To, ba yarinya ba ce, ba kuma yaro ba ne. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, wanda in ya yi gyaran murya a bakin zaure sai kaji su watse. Ni ne na mayar da shi haka, da hannuna, kuma yau nake so in faɗi yadda aka yi.

Ni tela ne a Gaya, tun ina saurayi har ido ya fara gazawa wajen zura zare. Habu taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka tun muna yara babu abin da ke tsakaninmu sai tsiya da wasa. Shi yana ce mini ragon da ya guje wa garma ya ɓuya a bayan keken ɗinki, ni ina ce masa maroƙin da ba ya iya roƙo. Gaskiya kuwa bai iya ba. Manomi ne kafin komai, yana da gonarsa ta gado, gero da dawa da gyaɗa. Gangar noma a wurin mahaifinsa ya gaje ta, kuma ba ya ɗaukarta sai in an kira gayya, wato ranar da mazan gari za su taru su yi wa mutum ɗaya aikin gonarsa. A nan ake ganin Habu. Zai rataya ganga ya bi bayan masu huɗa, 'yan amshinsa biyu na biye da shi. Ɗaya daga cikinsu, Mati, ba ya riƙe komai sai wani tsohon ruwan garma da ƙatuwar ƙusa, yana bugawa yana riƙe musu lokaci. In Habu ya buɗe baki, sai ka ji abin a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka, kamar hadari ya taso daga gabas. Dalilin sunan Rugugi ke nan.

A shekarun da kaset ke tashe na sayi rikoda hannu na biyu a Kano, irin mai cin manyan batir shida. Ita ce ƙawar shagona. Samari kan cika benci don su ji ta, ni kuwa ina taka keke ina jin kaina wani babba. Da labari ya zo cewa za a yi babbar gayya a gonar wani dattijo kusa da Toranke, kuma Habu ne zai yi kiɗa, sai na aika masa cewa zan zo in sa shi a cikin akwati. Ya aiko mini da amsa cewa in tabbata akwatin zai ɗauke shi, don ya san ɗinkina, kullum a matse yake.

Ana gobe gayyar, yini na yi ina kunna rikodar a shago, babu wuta. Da yamma na lura sautin ya fara ja da baya. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in je in sayi sababbin batir. Maimakon haka sai na yi abin da kowa ke yi a lokacin: da gari ya waye na jera su a kan kwanon shago, rana ta ɗan gasa su, na mayar da su ciki, na ga sun motsa, na ce sun farfaɗo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ban ma fafe ba, tsohon goran na ɗauka da hudarsa.

Wannan gayya, ban ga irinta ba kafin nan, ban kuma sake gani ba. An yi ruwa kwana biyu kafin ranar, ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta na tashi. Maza sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan, kowa da garmarsa. Na naɗe wandona, na ɗora rikoda a kafaɗa, na danna maɓallai biyun nan na ɗaukar sauti tare, na bi Habu cikin kunyoyin gona ina tuntuɓe. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba: babu tsayawa, babu a sake, babu a goge nan a gyara can. Abin da ya faru shi zaren kaset zai kwasa. Ya kwashi ganga, ya kwashi ƙarfen Mati, ya kwashi saran garma da nishin maza da guɗar matan da suka kawo fura, har da wani jaki da ya ga dama ya sa baki. Habu kuwa ranar kamar an buɗe masa wata ƙofa. Duk wanda idonsa ya faɗa a kai sai ya ƙera masa baiti nan take, da sunan uwarsa da na kakansa. Na tuna inda yake cewa:

Ɗan Mairo, ƙasa ta san tafinka,
Rago na gindin kuka yana ƙirga gajimare.

Da aka zauna shan fura, aka ce in kunna a ji. Na mayar da zare baya, na kunna. Jama'a suka matso kusa. Muryar Habu ta fito daga akwati daidai yadda take, mai kauri, mai nauyi. Dattawan da ba su taɓa jin sunansu ya fito daga na'ura ba suka riƙa kama baki suna dariya. Ba a yi minti biyar ba batir suka ƙarasa mutuwa. Na koma Gaya a kan kekena ina jin na yi abin da za a daɗe ana faɗa. Ashe kuwa za a daɗe, amma ba ta inda na zata ba.

Washegari na sayi sababbin batir, na zuba, na kunna. Na ɗauka wani ne ya musanya mini kaset. Ganga ta koma kamar ana kaɗa gwangwani, waƙa na gudu, murya kuwa siririya tsit, tun tana ta matashi har, can wajen ƙarshe, ta koma ta sauro. Sai daga baya wani mai gyaran rediyo ya fahimtar da ni. Gajiyayyun batir a hankali suke jan zare, saboda haka doguwar waƙa ta kwanta a gajeren zare. Da aka sa masu ƙarfi suka ja shi da saurin da ya kamata, sai komai ya tsuke ya haye sama. A gona mun ji shi daidai ne don batir ɗin da suka yi ɓarnar su ne suka karanta ta. A yaren sana'ata, na yanka wa ƙato riga da awon yaro.

Ranar kasuwa sai ga Habu da mutanen Gafasa wajen goma, sun zo jin kansu. Na yi ta kame-kame, na ce rikoda ba ta da lafiya, na ce a bari sai wani makon. Ya zauna a benci ya miƙe ƙafa ya ce ba inda za shi. Na kunna, na sunkuyar da kai a kan keke kamar mai neman allura. Waƙar ta tashi. Na saci kallonsa, na ga ya karkata kai yana saurare, goshinsa a tattare. Da aka zo baitin Ɗan Mairo ya gane kalmominsa. Ya dube ni, ya dubi rikoda, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariyar da ya fashe da ita sai da mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo.

"Tela," in ji shi, yana share hawaye, "ashe ba wando kaɗai kake tsukewa ba!"

Na ce zan goge, in mun sake wata gayyar a ɗauka da kyau. Ya ce in na goge, ni da shi mun rabu har abada, a bar wa jama'a su ga aikin tela.

Da abin ya tsaya a shagona da da sauƙi. Amma wani mai kwafar kaset a kasuwa ya ara, kafin wata biyu waƙar ta cika motoci. Abin mamaki, saurin nan da ya zama mini abin kunya shi ya sa ta karɓu. Direbobi suna sonta don tana kore barci. Mata suka ɗauke ta zuwa gidajen suna da biki, don ta yi daidai da rawa. Habu ya yi suna har inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, da muryar da ba tasa ba. Abokan wasa suka sauya masa laƙabi, daga Rugugi zuwa Sauro. Wata rana a Balan, a wurin ɗaurin aure, ya tarar da samari suna jin kaset ɗin, ya ce musu ai shi ne. Suka dube shi sama da ƙasa. Ya rera musu baiti guda a nan tsaye. Wani daga ciki ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari, ka haddace, amma yarinyar ta fi ka murya." Habu ya yi shekaru yana ba da wannan labari, kuma duk lokacin da ya zo wurin sai ya kwaikwayi yadda yaron ya dafa masa kafaɗa don ba shi haƙuri.

Mun sake gwadawa sau biyu da sababbin batir. Na farko iska ta cika makirfo, ba a jin komai sai fuu. Na biyu rikoda ta tauna zaren, na zauna da biro da jan farce ina naɗawa ina liƙawa, abin da ya tsira bai kai a kira shi waƙa ba. Na ce to ya zauna a zaure ya rera mini a natse. Ya gwada, ya tsaya a tsakiya, ya ce waƙar gona ba ta fita a inuwa. Daga nan kuma gayya ta fara ja da baya. Garmar shanu ta yawaita, maganin feshi ya zo, samari suka fara tafiya birni. Gangar ta koma rataye a bango.

Mai ɗakinsa, Delu, ita ta samo wata dabara da har yau in na tuna sai in yi murmushi. Da na ba su tsohuwar rikodar da kwafin kaset ɗin, sai ta riƙa bin maƙwabta tana karɓar batir ɗin da suka gaji za a zubar. In ta dace da waɗanda gajiyarsu ta yi daidai, sai muryar mijinta ta dawo na ɗan lokaci, tana rawa tana lilo, kafin ta nutse gaba ɗaya. Habu na zaune a tsakar gida da ransa da lafiyarsa, yana ce mata, "Ga ni nan, me kike nema a akwati?" Ita kuwa sai ta ce na akwatin ya fi shi ƙuruciya. Har rikodar ta mutu murus, haka suke.

Kada mai karatu ya ɗauka abin bai taɓa taɓa shi ba. Sau ɗaya tak ya nuna mini. Mun tsufa a lokacin, muryarsa ta dushe, tari ya fara kama shi. Waƙar ta tashi daga kaset ta shiga memori, masu tura waƙa a waya sun kwafe ta yadda suka same ta. Muna zaune a ƙofar shagona sai wani ɗan acaɓa ya wuce tana tashi a aljihunsa. Habu ya bi shi da ido, bai yi dariya ba. Ya ce, a hankali, "Jikokina za su ɗauka haka nake." Da na sani ƙeya ce. Kuɗin batir shida na yi wa ƙyashi, ga abin da ya jawo.

Wannan magana ce ta sa na matsa masa muka je situdiyo a Kano, shekara biyu kafin rasuwarsa. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, aka rufa masa kunnuwa, wani matashi mai ladabi ya kunna masa kiɗan fiyano daga kwamfuta ya ce ya hau. Habu ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Wa zan kira? Bango?" Ya dai daure ya yi baiti uku. Matashin ya ce kada ya damu, zai iya ɗaga inda ya faɗi, ya cike inda numfashi ya yanke, har ya ƙara masa kauri. Habu ya ce a fara kunna masa yadda ya yi tukuna. Ya saurara har ƙarshe, ya cire abin kunnen, ya ce a bar shi haka, kada a gyara, kada kuma a fitar. A mota muna dawowa na fara zagin injin don in faranta masa. Ya ce in yi shiru. "Wannan bai yi mini ƙarya ba. Tsoho ya shiga, tsoho ya fito. Naka ne maƙaryaci." Sannan ya sa na saya masa rake a Wudil a matsayin tara.

Ya rasu da damuna, bayan gajeriyar jinya, gero ya fara fitar da kai. Na ɗauka maganar ta tafi ke nan tare da shi, ni kuma zan ƙarasa kwanana da ita a wuya.

'Yarsa ta uku, Saratu, tana goye aka yi gayyar Toranke. Ta yi karatu, yanzu tana aiki a wani gidan rediyo a Kano, ita ke yanka shirye-shirye tana haɗawa a kwamfuta. Bara ta zo shagona ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, kaset ɗin nan na asali, yana nan kuwa?" Yana nan. Shekara kusan arba'in yana cikin gwangwanin alawa a ƙasan akwatin da nake ajiye yadin mutane, na naɗe shi a ƙyalle. Ta ce kwafin da ke yawo a waya an kwafa daga kwafi, an matse shi har ya rasa rabin jikinsa, amma in zaren farko bai lalace ba, akwai abin da za a iya. Za ta juye shi cikin kwamfuta, sannan ta rage masa gudu har ya koma yadda aka yi shi.

Na ce to ta yaya za ta san inda za ta tsaya? Batir ɗin ba lokaci guda suka gaji ba, a hankali suka riƙa sanyi, saboda haka ɓarnar farkon waƙa ba ɗaya take da ta ƙarshe ba. Ta ce ta yi tunanin wannan. Fatar ganga tana saki, muryar mutum tana tsufa, amma ƙarfe ba ya sauya kuka. In za a samu ruwan garmar da Mati ke bugawa, za ta ɗauki ƙararsa, ta riƙa sassauta waƙar gaɓa-gaɓa har ƙarfen cikin kaset ya yi daidai da na hannu. Muka tafi Gafasa neman tsohon ƙarfe. Mati, wanda yanzu sai da sanda, ya ce ai tun da aka daina gayya ya bar shi a gidan Habu. Aka duba rumbu, aka duba ɗakin tarkace, babu. Delu na zaune tana kallonmu, sai can ta tambayi abin da muke nema. Da aka faɗa mata ta ce, "Au, wannan? Ai shi nake tokare ƙofar akurki da shi." Shekara ashirin yana gadin kaji. Aka wanke shi, Mati ya karɓa, ya nemi ƙusa, ya buga sau ɗaya. Nan take na gane kukan ƙarfen.

Aikin ya ɗauke ta makonni, tana yi a tsakanin nata aikin. Da ta kusa gamawa ta zo da kwamfutar gida, ta ce ƙarfe ya kai ta bakin ƙofa, amma kunnen Inna Delu ne zai shigar da ita. Ta kunna wa Delu, tana matsa wani abu kaɗan-kaɗan. Delu ta rufe ido. Ta ce a ƙara. Aka ƙara. Ta ce an zarce, wannan ya zama yayansa. Aka dawo da gashi guda. Sai ta ɗaga hannu. Ba ta yi kuka ba. Gyara ɗaurin ɗankwalinta ta yi, kamar wadda ta ji sallamar maigida a zaure.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, me Habu zai ce da wannan zamani? Saratu ta gaya mini wai yanzu a birane akwai masu neman sautin kaset da gangan, suna cewa ya fi rai, na kwamfuta ya cika sanyi. Na san abin da zai ce musu: su zo ya ba su labarin ran da kaset ya yi masa. Wanda bai sha wahalar zare ba shi ke yi masa kirari. Zafi ya miƙar da shi, ƙura ta cinye shi, kowane kwafi ya fi wanda ya gabace shi dushewa. Amma ni da na ɓata kuma na ajiye, ba zan yi wa kaset butulci ba. Ya karkatar da murya, amma bai zubar da komai ba. Saran garma na nan, guɗa na nan, jakin ma na nan. Shekara arba'in a gwangwani, ba caji, ba kowa, ya riƙe amana. Wayata kuwa ta faɗa bokitin wanki bara waccan, duk abin da ke cikinta ya tafi a ƙiftawar ido. Zare ya adana, kwamfuta ta warware. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da na tabbata zai ba shi haushi shi ne waƙar da ake ɗinka wa wanda ba shi da murya, a ɗaga nan a danne can, har mai waƙar in ya hau dandali ya kasa maimaita abin da aka ce shi ya yi. Ni tela ne, na san bambancin gyara riga ta zauna wa mai ita da cusa tsumma a kafaɗa don a ce yana da ƙirji. Amma waya kam da ya so ta. Mutumin da ba ya iya ganin manomi bai yi masa baiti ba, a ba shi abin da zai danna ya aika murya Toranke ko Balan kafin a sauke tukunya? Da babu wanda zai huta a ƙasar Ajingi. Zamani riga ne, kuma Habu bai taɓa ƙin sabuwar riga ba, in dai ba ni na ɗinka ba.

Ko a cikin gida ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Da gyararriyar ta fara yawo, 'yan matan gidan suka ce ta yi nauyi, ba ta rawuwa, a bar musu tasu. Saratu ta ajiye duka biyun a waya, ta sa wa ɗaya Rugugi, ɗaya Sauro. Delu ta yanke hukunci: Sauro ta biki ce, Rugugi tata ce.

Watan jiya, bayan an yi masa addu'ar shekara da hantsi, aka fito da lasifika ƙofar gida don dattawa su ji. Daga mazan da suka yi huɗa a gayyar nan, biyar suka rage. Jikokinsa suka zauna a gaba, waɗanda yawancinsu ba su san shi ba sai a hoto. Da muryar ta taso, ƙaramarsu ta ja da baya ta riƙe zanen uwarta, ta tambaya ko wannan ne kakan nata. Aka ce shi ne. Dattawan kuwa, sai na ga kafaɗunsu suna sauka suna tashi tare. Ashe a ainihin gudunta, kowane bugun ganga saran garma ɗaya ne, da ɗan sararin da mutum zai ja numfashi ya ɗaga. Jikinsu bai manta ba.

Sai waƙar ta yanke a tsakiyar baiti, inda zaren ya ƙare a ranar. Wani tsoho da ake kira Audu ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce shekara arba'in yana gaya wa mutane cewa baitinsa ne ke biye, daidai inda akwatin tela ya ƙare, ba wanda ya yarda, ana ce masa ai Habu bai ga abin yabo a nomansa ba. Aka yi dariya. Mati bai yi ba. Ya jawo ƙarfen, ya ci gaba da bugawa daga inda aka tsaya, ya buɗe baki da 'yar muryarsa ta tsufa:

Audu na Hansai, mai fara kunya da fatiha,
Kafin ya kai ƙarshe an kira la'asar,
Amma inda ya bi, ciyawa ba ta komawa.

Sauran huɗun suka amsa, ba wanda ya ce musu su amsa. Audu ya miƙe, ya ɗaga sanda sama, yana juyi yana cewa, "Kun ji ko? Kun ji ko?" Daga baitinsa Mati ya wuce na gaba, wani ya tuna masa na bayansa, suka yi ta jawo sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa, har suka kai waƙar inda Habu ya ajiye ta a gonar Toranke. Saratu na tsaye da waya biyu a hannu, ga kwamfuta a kan tabarma. Sai da aka gama aka lafa ta dube ni, ta ce, "Baffa, ban danna maɓallin ɗauka ba."

Na ce mata kada ta damu, gadon gidanmu ne.

Da na koma gida na zauna ina auna abin da ya rage na Habu. Murya ta dawo, alhamdu lillahi, jikokinsa sun san ko wane ne kakansu, ni ma na sauke kayan da na daɗe da su. Amma abin da na gani a ƙofar gidan nan ya fi murya. Mutum ne da ya dubi talakawan manoma ɗaya bayan ɗaya, mai sauri da mai nawa, ya samo wa kowa abin da za a faɗa a kansa, ya faɗa da ƙarfi a gaban jama'a. Shi ya sa tsoho ɗan tamanin zai jira shekara arba'in don a tabbatar an kira sunansa. Allah ya jiƙan Habu, ya yalwata masa kabarinsa, ya kira shi da kyakkyawan suna ranar da za a kira kowa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

Audu kuwa, an ce mini tun ranar bai bar kowa ya sha iska a Gafasa ba. Duk wanda ya gaishe shi, sai ya ji baitin.